Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktocin Kamfanonin Kasuwar Hannun Jari: Amanar Wa Kuke Riƙe Da Ita?

Zuwa ga shugabanni da membobin hukumomin gudanarwa na kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, musamman iyayenmu da yayyenmu 'yan Arewa da ke zaune a kan waɗannan kujeru.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku. Mai wannan takarda ɗaya ne daga cikin ƙananan masu hannun jari da ke birnin Kano, irin waɗanda abin da suka mallaka a kamfaninku bai kai kuɗin tayar motar da ake ɗauko ku da ita daga filin jirgi ba. Muna da yawa. Akwai tsofaffin malaman makaranta, akwai 'yan tebur a Kantin Kwari, akwai matan da aka raba gado suka tarar da takardar hannun jari a cikin tumunin takabarsu, akwai kuma ma'aikatan tarayya da ba su ma san kamfanin fanshonsu ya zuba musu kuɗi a wurinku ba. Na rubuto da Hausa kuma a bainar jama'a domin su ji abin da ake tambayarku a madadinsu, tunda rahotonku na shekara ba ya zuwa da harshen da suke ji.

Tambayata guda ce. Ranar da amfanin kamfani ya kalli gabas, amfanin wanda ya kawo ku kan kujera ya kalli yamma, ku ina kuke fuskanta?

Doka dai ta riga ta ba da amsa. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, a sashe na 305 ta ce darakta mai riƙon amanar kamfani ne, dole ya yi aiki da zuciya ɗaya don abin da ya fi zama alheri ga kamfanin baki ɗaya, kuma ba shi da ikon jinginar da ƙuri'arsa, wato ya yi wa wani alkawarin inda zai jefa ta tun kafin a zauna. Sashe na 306 ya hana son ransa ya yi karo da aikinsa, ya hana shi cin ɓoyayyar riba da dukiyar kamfani ko sirrinsa ko wata dama da ta zo masa. Har ƙofar baya ya toshe: ko darakta ya ce ai kamfanin ba zai iya cin damar ba shi ya sa ya ci, wannan ba hujja ba ce, kuma ajiye aiki ba ya halatta masa sirrin da ya fita da shi. Sashe na 309 kuwa ya kira ku masu riƙon amanar kuɗi da kadarorin kamfani, ya ce ku yi amfani da ikonku don kamfani da dukkan masu hannun jari, ban da son kai, ban da fifita wani ɓangare. Dukkansu, in ji doka, har da mai hannun jari ɗari biyar a Kurna.

Mu a Kano ba sai an karanto mana sashe ba kafin mu gane wannan. Ka kai wa dillali dila goma ta atamfa a Kwari ka ce ya sayar maka. Da la'asar ya dawo ya ce an sallama, ga kuɗinka, ya cire la'adarsa. Daga baya ka ji ashe shagon ƙaninsa kayan suka shiga, kuma shi ke da rabin shagon. Ko da kuɗin da ya kawo maka shi ne farashin kasuwa a ranar, ba za ka ƙara ba shi ko ƙyalle ba, kuma duk layin zai ba ka gaskiya, domin abin da ka biya la'ada a kansa shi ne ya tsaya ya yi ta cewa albarka har sai an taya abin da ya fi, mutum kuwa ba ya ce wa aljihunsa albarka. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya tun da can sun hana wakilin da aka ba kaya ya sayar ya sayar wa kansa. Turawan da muka gaji dokar kamfani daga gare su ma nan suka tsaya. A 1854 babbar kotun Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin jirgin ƙasa na Aberdeen, inda shugaban kamfanin ya kasance kuma shi ke jagorancin masana'antar da aka ba kwangilar ƙarafan da ke riƙe layin dogo. Kotun ta ce kamfanin yana da ikon warware cinikin, kuma ta ƙi ma sauraron batun ko farashin ya yi adalci, domin wanda ke zaune a ɓangarori biyu na ciniki ba a tambayarsa ko ya yi adalci.

Kada a ce ban san yadda kasuwanci yake ba. Kasuwarmu ta hannun jari ba irin ta Amurka ba ce, inda sau da yawa babu mai riƙe da kaso mai tsoka, sai manajoji su yi ta yadda suka ga dama. A nan yawancin manyan kamfanoni suna da uban gida guda. Kamfanin Dangote Industries shi ke da sama da kashi 80 cikin 100 na Dangote Cement. BUA Foods da BUA Cement mafi yawan hannun jarinsu na hannun wanda ya kafa su. MTN Najeriya tana da uwa a Afirka ta Kudu, kamfanin fulawa na Arewa da ke Bompai kuwa yana ƙarƙashin Flour Mills. Wannan ba laifi ba ne, kuma mu da muka saya mun saya ne idonmu biyu, wani lokacin ma saboda sunan uban gidan muka saya. Kamfanin da ke cikin irin wannan gida dole ya yi ciniki da 'yan'uwansa: wannan ya sayo wa wancan kaya daga waje, wannan ya yi wa wancan dako, wannan ya ranta wa wancan kuɗi. Sau da yawa hakan ya fi sauƙi da arha.

Amma ga lissafin da ke hana ni barci. A ce mutum yana da kashi 70 cikin 100 na kamfanin da ke kasuwa, yana kuma da kashi 100 na kamfanin da ke kawo masa kaya. Duk naira ɗaya da aka ƙara a kan farashin kayan, ya yi asarar kwabo 70 a nan, ya samu naira ɗaya cur a can. Ya ci kwabo 30 ke nan ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba, kuma daga aljihunmu suka fito. Ba a fasa taga ba, ba a yi jabun sa hannu ba, takardu duk sun cika. Ban ce wani yana yin haka ba. Na ce tsarin ya buɗe wannan ƙofa, kuma mai gadin da doka ta ajiye a bakinta ku ne.

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton shekara na wani babban kamfani ya san yadda ake tsara shi. Shafukan farko takarda mai sheƙi, hoton shugaba cikin babbar riga, hotunan daraktoci kowa da jerin digirorinsa, hoton rijiyar burtsatse da aka haƙa wa wani ƙauye ana tafi. Sai ka yi ta tafiya, can wajen ƙarshe, da ƙananan haruffan da sai ka ɗauko tabarau, a nan aka ajiye bayanin ciniki da makusanta. Layi ɗaya, sayen kaya daga kamfanin da ke ƙarƙashin uwa ɗaya, naira biliyan kaza. Na biyu, kuɗin taimakon fasaha da gudanarwa da aka biya uwar kamfani, biliyan kaza. Na uku, kuɗin kamfani da ke hannun 'yan'uwansa ba a biya ba tukuna. A ƙasa kuma jimla guda wadda ba ta canzawa daga bara zuwa bana, cewa an yi duk cinikin bisa sharuɗɗan kasuwa. Wa ya gwada? Da farashin wa aka gwada? An nemi wasu su taya, ko shi kaɗai aka kira? Kuɗin da ke hannun ɗan'uwan kamfani wata da watanni, da a banki aka ajiye shi da me ya haifa? Dokokin NGX sun ce idan ciniki da makusanci ya kai kashi 5 cikin 100 na tsabar kadarorin kamfani sai an nemi yardar masu hannun jari, kuma wanda abin ya shafa ba ya jefa ƙuri'a. Madalla. Sai dai akwai hanyar neman izini na bai ɗaya, inda a taron shekara ake ce mana mu amince da duk cinikin yau da kullum da za a yi da makusanta har zuwa taro na gaba. Mu kuwa sai mu ɗaga hannu a kan abin da ba a faɗa mana adadinsa dalla-dalla ba.

Wanda ya ce ina zuzuta abu, to bai zauna a Kano tsakanin 2004 da 2011 ba. Kasuwar hannun jari ta buɗe reshe a nan tun 1989, amma mutanenmu ba su shige ta gadan-gadan ba sai da gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25, Bankin Arewa da muke alfahari da doguwar hedikwatarsa ya narke cikin bankin Unity. A lokacin fom ɗin sayen hannun jari har shago ake biyo mutum da shi. Wasu sun sayar da fuloti, wasu sun zuba kuɗin sallamar aiki, wasu ma banki ne ya ba su bashi don su sayi hannun jari. Daga watan Maris na 2008 zuwa baɗinsa kasuwar ta zube da kusan kashi 70 cikin 100. Aka ce guguwar tattalin arzikin duniya ce. Da gaskiya a ciki, amma ruwa ba ya tsami banza. Ranar 14 ga Agustan 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna 5, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe, daga baya kuɗin ceton ya kai biliyan 620. A watan Fabrairun 2010 ya zo nan Jami'ar Bayero ya yi laccar bikin yaye ɗalibai, ya zayyana abin da bincike ya bankaɗo: shugabannin banki suna kafa kamfanonin bogi su ba kansu bashi don su kumbura farashin hannun jari ko su sayi gidaje a ƙasashen waje, wani banki ya ci bashi ya sayi jiragen sama sai ga su da sunan ɗan shugaban bankin. Game da hukumomin gudanarwa kuwa, ya ce wasu manajoji ne ke ruɗarsu, wasu su ma suna karɓar bashi ba jingina, wasu kuma ba su da ƙwarewar tsawatarwa, shugaba ya fi ƙarfin kowa. A watan Oktoban 2010 Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a kotu, aka yanke mata wata 6, ta sallama kadarori na kimanin naira biliyan 191. A watan Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank da Spring da Bank PHB, wanda tsohon Habib da mutanen Arewa suka sani yake cikinsa. Masu ajiya an kare musu kuɗinsu. Masu hannun jari kuwa takarda kawai aka bar su da ita, har yau tana nan a ƙasan adakar gidaje da yawa a cikin Birni da Fagge.

Kowanne daga cikin waɗannan bankuna yana da hukumar gudanarwa cike da dattawa masu suna. An yi zama, an karanta abin da aka tattauna a zaman baya, an amince, an karɓi alawus.

Kuma ba tarihi ne da ya wuce ba. A watan Afrilun 2021 Babban Banki ya rushe hukumomin First Bank da uwar kamfaninsa, daga cikin dalilan da ya bayar har da bashin 'yan gida masu faɗa a ji a hukumar waɗanda ba su cika sharuɗɗan biya ba. Dokar bankuna ta 2020 ta hana a ba darakta ɗaya bashin da ya wuce kashi 5 cikin 100 na jarin da aka biya, ta kuma ƙayyade na 'yan gida duka kada ya wuce kashi 10. Duk da haka a watan Fabrairun 2025 sai da Babban Banki ya sake fitar da umarni cewa duk daraktan da bashinsa ya maƙale ya sauka daga kujera. Abin da sai an rubuto wa dattijo takarda kafin ya yi, ai da kunya.

Kunyar ma ita ce zancen da na fi so mu yi, ku da mu, tunda gida ɗaya muka fito. Ni ban yarda yawancinku ɓarayi ba ne. Da yawanku mun san ku, mun san iyayenku, mun ga aikin da kuka yi a gwamnati ko a banki kuka fito da mutuncinku. Abin da nake tsoro ya fi sata wuyar kamawa. Doka ta tilasta wa kamfanin jama'a ya samu daraktoci masu zaman kansu, da farko 3, gyaran 2023 ya mayar da su aƙalla kashi ɗaya bisa uku na hukumar. Ta kuma sa ma'auni: a shekara 2 da suka wuce kada shi ko danginsa su kasance ma'aikatan kamfanin, kada cinikin da ya wuce naira miliyan 20 ya shiga tsakaninsu da kamfanin, kada ya mallaki sama da kashi 30 na wani kamfani da ya yi irin wannan ciniki. Ƙa'idojin shugabancin kamfani na 2018 sun ƙara da cewa kada ya wuce shekara 9 a kujerar. Duk wannan abin da ake iya ƙirgawa ne. Ina ma'aunin surukuta? Ina na wanda kuka yi Barewa tare, ko wanda ya tsaya maka lokacin da aka yi maka ritayar dole, ko wanda ya ɗauki ɗanka aiki, ko wanda duk shekara kujerar Umararka daga hannunsa take fitowa? Mutum zai iya tsallake kowane sharaɗi na doka tsaf, a rubuta shi mai zaman kansa, alhali a zuciyarsa ya san wanda ya buga masa waya ya ce Yallaɓai, ina so ka zo ka taya mu zama.

An tarbiyyantar da mu a kan kada mu kalli idon wanda ya yi mana alheri mu ce masa a'a. Muna kiran wannan halacci, kuma a gida da unguwa abu ne mai kyau, shi ke riƙe da zumunci. A ɗakin taron hukuma kuwa, inda ake yanke shawara a kan kuɗin marayu da 'yan fansho, halaccin nan da dukiyar wasu ake biyansa. An kawo takardar kwangila, kowa ya san kamfanin ɗan shugaba ne. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce yana sanar da hukuma cewa yana da alaƙa da wannan batu, sakatare ya rubuta, an cika sashe na 303 na CAMA da ya wajabta irin wannan sanarwa. Amma bai tashi ba. Yana zaune a kan kujerarsa yana jan carbi yana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. A cikin ku wa zai ce a kawo farashin wasu kamfanoni biyu a gwada? Sai a yi shiru, wani ya ce ai Alhaji ba zai cuci kamfanin da ya gina da guminsa ba, a wuce batu na gaba. Wanda ya ɗan yi tambaya kuwa, idan wa'adinsa ya cika sai a yi masa liyafar ban kwana, a kawo wani ɗan amshin Shata.

Sanarwa ita kaɗai ba ta wanke kowa. Kamfanin Enron na Amurka ya ishe mu misali. A 1999 hukumarsa da kanta ta ɗage wa babban jami'in kuɗinsa Andrew Fastow dokar da ta hana irin wannan karo, ta ba shi dama ya jagoranci wasu kamfanoni na gefe da ke ciniki da Enron ɗin. Babu abin da aka ɓoye wa daraktoci game da cewa yana ɓangarori biyu, kuma shugaban kwamitin binciken kuɗinsu farfesa ne na ilimin akanta. Fastow ya kwashi sama da dala miliyan 30, kamfanin ya rushe a watan Disambar 2001.

Ma'aunin da na fi gamsuwa da shi yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu. 'Ya'yan Sayyidina Umar biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, suna dawowa daga yaƙi a Iraƙi suka biya ta wurin Abu Musal Ash'ari, gwamnan Basra. Ya ba su rancen kuɗin baitulmali da zai aika Madina, ya ce su sari kaya su sayar a can, su miƙa uwar kuɗi su riƙe riba. Suka yi, suka ci riba, suka kawo uwar kuɗi cif. Baitulmali bai yi asarar ko dirhami ba. Sayyidina Umar ya tambaye su ko duk rundunar aka ba irin wannan rance. Suka ce a'a. Ya ce to don ku 'ya'yan Amirul Muminina ne aka ba ku, ku kawo kuɗin da ribar. Ubaidullahi ya yi gardama cewa da kuɗin sun salwanta ai su za su biya, har wani a majalisar ya ba da shawarar a mayar da shi ƙiradi, wato jari na wani, aiki na wani, a raba riba, aka raba ribar biyu. Wannan tambayar nake so ku riƙa yi a kan kowace takarda da ta shafi ɗan gida: da bare ne ya zo, za a ba shi a kan wannan farashi, da wannan wa'adi, ba jingina?

To mu fa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na taɓa bin motar dare zuwa Legas don halartar taron shekara na wani kamfani da nake da ɗan abu a ciki. Zaure cike, sanyin na'ura har ƙashi. Aka buɗe fagen tambaya, sai ga shugabannin ƙungiyoyin masu hannun jari sun riga kowa layi. Na farko ya kwashe lokacinsa yana yi wa shugaba kirari, ya rufe da roƙon a ƙara girman kyautar da ake rabawa a ƙofa. Na biyu ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin hukuma irin wannan ba. Wani dattijo a bayana ya ɗaga hannu da rahoton a buɗe daidai shafin ciniki da makusanta, ya ja layi da jan biro, hannun nan yana sama har ya gaji ya sauke. Da aka zo kan izinin bai ɗaya, kafin in gama nemo shafin an ce an amince. Mutane sun fi daɗewa a layin karɓar jaka da lema fiye da yadda aka daɗe a kan wannan batu. Yanzu da gyaran 2023 ya halatta taro ta intanet, an huta da kuɗin mota, amma tambaya sai ka rubuta a wani ɗan akwati, sakatare ya zaɓi wadda zai karanta.

Doka ta ba mu kujeru 3 cikin 5 a kwamitin binciken kuɗi, kowane mai hannun jari yana iya tsayar da wani idan ya rubuta wa sakatare kwana 21 kafin taro. Mu 'yan Kano nawa muka taɓa yin haka? Da yawanmu ko takardar wakilci ba ma cikewa, ribarmu ma tana can jibge wurin rajistara, wato kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jari, saboda ba mu haɗa ta da asusun banki ba, ga kuma ofishin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, a nan cikin gari. Wannan namu ne, za mu ji da shi. Amma rauninmu ba ya rage muku nauyi, ƙara shi yake yi, don saboda irinmu aka ajiye ku. Mai ƙarfi yana da hanyarsa. A 2017 Alhaji Ɗahiru Mangal ya kai ƙorafi gaban SEC a kan yadda ake tafiyar da kamfanin mai na Oando, lamarin ya kai har aka taƙaita cinikin hannun jarin kamfanin na wani lokaci, a watan Janairun 2018 Sarki Muhammadu Sanusi II ya shiga tsakani aka yi sulhu. Ba na shiga batun wa ke da gaskiya a wannan rikici. Abin da na lura da shi kawai, mai babban kaso idan ya yi tari ana ji har fada. Bazawarar da ke Gwammaja ba ta da lauya, ba ta da mai shiga tsakani, daraktan da ba ta taɓa gani ba shi ne lauyanta.

Don haka abin da nake roƙo ba shi da yawa, kuma babu wanda sai an canza doka kafin a yi shi. Wanda batu ya shafa, shi ko ɗansa ko surukinsa, ya sanar sannan ya tashi ya fita daga ɗakin, ko da shi ne shugaba, kuma a rubuta a rahoton shekara sau nawa aka yi hakan da kuma a kan wane ciniki. Idan za ku nemi izinin bai ɗaya, ku zo da sunan kowane kamfani, da abin da aka biya shi bara, da iyakar abin da za a biya bana, da yadda aka gwada farashinsa da na bare. Kuɗin taimakon fasaha da ake biyan uwar kamfani shekara da shekaru, a gaya mana wace fasaha ce har yau ba a gama koya ba. Daraktoci masu zaman kansu su riƙa yin zama su kaɗai, ba shugaba ba manaja, su kuma gana da masu binciken kuɗi a haka. Doka ta yarda mutum ya zauna a hukumar kamfanonin jama'a har 5, amma wanda ya san sai a cikin jirgi yake buɗe takardun taro, ya rage wa kansa. Idan kuwa abu ya fi ƙarfinka ka ajiye, kada ka ce mana saboda wasu dalilai na ƙashin kai. Faɗi dalilin, domin shirunka ne zai sa wani ya sayi hannun jarin washegari da kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Ga kamfanonin da kasuwarsu da masu hannun jarinsu ke da yawa a Arewa, shafi biyu da Hausa a kan riba da bashi da ciniki da makusanta ba zai karya kowa ba. Tallar siminti da sukari da katin waya ai da Hausa ake yi mana ita a rediyo safe da yamma. Haka kuma babu abin da ya hana a kawo taron shekara Kano jefi-jefi.

Tun watan Maris na 2024 da Babban Banki ya ɗaga jarin manyan bankuna zuwa naira biliyan 500, aka sake dawowa neman kuɗinmu, wannan karon ta waya, kuma yaranmu da ba su ga 2008 ba suna saye da zumuɗi. Ni ban hana nawa ba. Na dai ce musu kafin su duba ribar da aka raba bara, su fara duba sunayen da ke hukumar, su tambaya wa ya kawo wa. A nawa ɓangaren, kafin taro mai zuwa zan aika wa sakataren kowane kamfani da nake da hannun jari a ciki tambayoyin da ke cikin wannan takarda, da sunana da lambar asusuna, kuma mun fara magana da wasu 'yan'uwa a Kwari da Singa mu haɗa ƙuri'unmu mu tsayar da akanta guda daga cikinmu a kwamitin binciken kuɗi. Idan takardar ta iso teburinku, ina roƙon a amsa ta da alƙaluma, kuma daraktan da ya amsa ya sa hannu da sunansa.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da kuka ɗauka. Wassalam.

Naku,
Wani ƙaramin mai hannun jari,
Birnin Kano.